Yadda Muka Ɗauko Fuskar Inna Hajjo daga Katagum

Azare, kafin asuba

Ba a yi kiran sallar farko ba Umma ta taɓa ƙafata. Da ma idona biyu. Kyamarar Kawu Bukar ce ta kwana a kan akwatina cikin jakarta ta fata, duk juyin da na yi sai na ji ƙamshinta, ƙamshin tsohuwar fata da turaren wuta.

Kawu Bukar yayan Umma ne. Ma'aikacin ofis ne, amma Asabar da Lahadi hoto yake ɗauka don sha'awa kawai. Kyamarar ta mahaifinsa ce, ƙirar Japan, ya sayo ta a aikin hajji tun ba a haifi Umma ba. Baƙa ce, kamar ɗan akwati, tana da idanu biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ba a kai ta fuska. A wuya ake rataya ta, ta sauko kan ciki, a buɗe murfin samanta, a sunkuyar da kai a leƙa kamar mai leƙa rijiya.

Dalilin tafiyar shi ne idon Kaka, mahaifiyar Abba. Likita ya ce hasken da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma yana kan hanya. Yayarta, Inna Hajjo, tana Katagum. Ciwon ƙugu ya hana ta zaman mota, ita kuma Kaka jiri ke kwashe ta tun kafin a fita gari. Sun yi shekaru ba su ga juna ba, sai dai murya a waya. Kaka ta ce ba ta roƙon komai sai ta sake ganin fuskar yayarta kafin duhu ya rufe.

Kowa zai ce ai ga waya. An gwada. Hasken waya sukar idon Kaka yake yi, ba ta ganin komai sai ƙyalli. Inna Hajjo kuwa ta rantse ba mai sa fuskarta a abin da ke yawo a aljihun maza. Abin da ta yarda da shi ɗaya ne: hoton takarda, a damƙa a hannun ƙanwarta. Kawu zai iya wanke shi babba, baƙi da fari, yadda Kaka za ta gani a hasken rana. Sai dai shi suruki ne, iyakarsa zaure, kuma Inna Hajjo ba za ta buɗe fuska a gabansa ba. Shi ya sa aka ce ni.

Fim guda ɗaya ya rage masa, a firij, a bayan robar yaji. Hoto goma sha biyu yake ɗauka. Kafin a samo wani daga Legas sai an yi watanni, idon Kaka kuma ba ya jira.

Na shiga yi wa Kaka sallama, na same ta a kan sallaya. Sunan yayarta aka sa mini, Hajara, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Ita kuwa yayar, Adda take ce mata, irin na Fulani.

“Mai-sunan-Adda,” ta ce, ta laluba ta kama gefen hijabina. “Ki ce mata ba mayafinta nake kewa ba. Na san halinta, har hanci za ta ja shi.”

“To, Kaka.”

Na ce to, amma na san ba zan iya ba. Ni da ko a aji malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale.

Tasha

Muka yi sallar asuba, Abba ya kai mu tasha a kan babur, ni da Kawu. Ƙarshen damina ne, an ɗan yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi. Fitilun masu shayi suna rawa a cikin ruwan da ya kwanta a ramuka.

Motar Katagum ƙarama ce, direbanta Malam Sale, amma kowa Ɗan Gamawa yake ce masa. Ya dubi abin da ke wuyana ya ja da baya.

“Alhaji, wannan na'urar awon fili ce ko rediyon kakanninmu?”

“Kyamara ce,” in ji Kawu.

“To a biya mata kujera. Ta girme ni, ba zan bari a goya ta ba.”

Aka yi dariya. Kawu ya yi ciniki da shi a kan kujerar gaba har ya rage mana wani abu, ya ce saboda tsohuwa, wato kyamarar. Na zauna a gefen taga. Kafin motar ta cika Kawu ya sake maimaita mini karatun da ya yi mini mako guda yana yi. A bayan kyamarar akwai 'yar taga ja, kamar ƙwayar wake, inda lambar hoto take fitowa. A gefen dama kuma akwai abin murɗawa.

“Ki danna, ki murɗa,” ya ce. “Kafin ki yi numfashi ki murɗa, sai sabuwar lamba ta fito. Wannan tsohuwa ba ta da ƙorafi. In kin manta, sai ta ɗora hoto a kan hoto ta yi shiru da bakinta.”

Gari yana fara wayewa muka bar Azare.

Gadau

Hanyar Gadau gero ne hagu da dama, ya fi mutum tsayi, kawunansa sun yi nauyi sun sunkuya. A wasu gonakin an yanke riɗi an jingina shi tsaye, dami-dami, kamar mata sun haɗa kai suna hira. Hazon ruwa yana kwance a kan ganye. Na buɗe murfin kyamarar a kan cinyata, na juya idanunta waje.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ake gani a ciki ba. Gilashi ne murabba'i, bai kai tafin hannuna ba, amma duk duniya tana shiga cikinsa ta yi laushi. Launuka sun fi na waje zurfi, gefe-gefen sun ɗan yi duhu, kamar abin da mutum ke tunawa ba abin da yake gani ba. Kuma komai a juye yake. Mai keken da ya nufi dama a kan titi, a cikin gilashi hagu yake tafiya. Na daɗe ina kallon itatuwan kuka suna wucewa ta hanyar da ba ita muke bi ba, har na ji kamar motoci biyu ne, ɗaya tana zuwa Katagum, ɗaya tana komawa wani zamani.

A Gadau muka tsaya karyawa. Ƙosai mai zafi da kunun tsamiya a wajen wata mata da ke suya a gindin dalbejiya. Kawu ya ce in gwada hannuna a nan, gara in yi kuskure a kan ƙosai da in yi a kan Inna Hajjo. Na roƙi izinin matar da ido, Kawu ya roƙa da baki. Ta gyara ɗankwali ta ce a ɗauka, amma ban da kaskon, don ya yi baƙi.

Ina so in kawo ta tsakiya sai ta gudu gefe. Na bi ta, ta ƙara gudu. Hannuna yana bin abin da ya saba, gilashi yana yin akasin haka. Da ƙyar na kama ta, na danna. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken tsintsiya ba. Na murɗa.

“Mu gani,” in ji mai ƙosai, tana goge hannu a zani.

“Sai an wanke, Hajiya,” Kawu ya ce.

“A wanke? Ni ce mai dattin ko hoton?”

Shinge

Bayan Gadau da ɗan nisa muka tarar da shingen jami'an tsaro, an jera buhunan yashi da tsofaffin tayoyi. Wani dogo ya leƙo ta tagata, idonsa ya sauka a kan cinyata.

“'Yammata, mene ne wannan? Buɗe mu gani.”

Ya sa yatsa daidai kan maƙullin bayan kyamarar. In haske ya shiga wurin nan, fim ya ƙone ke nan, mu juya gida hannu biyu. Kawu ya fara bayani da sauri, Hausa tana haɗuwa da Turanci, jami'in yana ƙara ɗaure fuska. Abin da na iya yi shi ne na ɗaga murfin sama, na juya idanun kyamarar wajen abokin aikinsa da ke zaune a kan benci, na miƙa masa ita ta taga, igiyar tana wuyana.

Ya sunkuya ya leƙa. Sai na ga fuskarsa ta saki kamar ta yaro.

“Kai! Ga ka nan ɗan ƙarami, kana shan shayi da hagu!” ya ƙwala wa abokin nasa.

“Ni da hagu? Allah ya kiyaye.”

“Wallahi zo ka gani.”

“In na zo wa zan gani?”

Ɗan Gamawa ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya. Ba a buɗe bayan kyamarar ba, amma sai da na ɗauke su su biyu, sun dafa kafaɗar juna. Kawu ya ce in Allah ya sa ya fito zai aiko musu ta hannun direba.

Daga nan ƙasa ta fara buɗewa. Gero ya ragu, goruba da giginya suka yawaita. Muka wuce garken shanu farare suna ƙetare titi ba sa sauri, ƙahoninsu suna kaɗawa a hankali. Wani dattijo a bayanmu, mai fataucin awaki, ya yi ta ba da labarin kasuwar Gamawa har barci ya ɗauke shi a tsakiyar magana.

Kafin mu shiga gari muka ga ruwan kogi ya malala cikin fadama, ya shimfiɗu har inda ido ya tsaya. Shinkafa kore shar, balbelu a tsaye a ciki kamar an yayyafa auduga. Wani masunci yana kwance a kan gora yana tura kansa da hannu. Kaka ta sha gaya mini a bakin wannan ruwa suka yi wasa ita da yayarta. Na roƙi Kawu a kunne, ya roƙi direba, aka tsaya. A cikin gilashi sama ta faɗo cikin ruwa, ban iya gane inda ɗaya ta ƙare ba. Na danna, na murɗa.

Katagum, gidan Inna Hajjo

Hantsi ya ɗaga muka sauka. Gidan yana cikin tsohon gari, ta wani lungu da katangun ƙasa suka yi kore saboda damina. Kawu ya tsaya a zaure aka shimfiɗa masa darduma. Gwaggo Rabi, 'yar Inna Hajjo da ke kula da ita, ta ja ni ciki tana guɗa kamar an kawo amarya.

Inna Hajjo tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarmar kaba. Na durƙusa na gaishe ta, idona a ƙasa. Ƙafafunta na fara gani, sirara, da tsohon lalle a farce. Irin na Kaka ne sak, har da ɗan yatsan da ya hau kan ɗan'uwansa.

“Takwara, ke ce kika girma haka? Yaya Dije?”

Dije ita ce Kaka. Ban taɓa jin wanda ya kira ta da sunanta ba, sai na ji kamar wata yarinya ake tambaya.

Aka kawo fura da nono a ƙwarya, sannan tuwon shinkafa da miyar kifin da aka kamo da safe. Kafin in gama ci gidan ya cika. Maƙwabta sun ji an zo da kyamara irin ta da, kowa da gyalenta na biki. Gwaggo Rabi ta ce ai ba za a yi tafiya tun daga Azare a bar ta ba. Na ɗauke ta. Ta ce ta ƙifta ido, a sake. Na sake. Aka jero jikoki. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce tun tana budurwa rabonta da irin wannan. Ban iya cewa a'a ba. Ina murɗawa, ina ganin lambobi suna wucewa ta jar taga kamar ana ɗebe hatsi a rumbu.

Bayan la'asar aka shirya Inna Hajjo. Aka sa mata leshi mai ƙyalli, aka ɗauko kujerar roba aka dasa a tsakiyar gida, aka ɗaga ta aka ɗora. Mata suka kewaye, kowa da umarninta.

“Inna, ɗago kai!”

“Inna, ki yi murmushi mana, Azare za a kai ki!”

Duk wadda ta yi magana sai Inna Hajjo ta ƙara jan mayafi. Ya rufe goshi, ya rufe baki, ya hau hanci. Idanunta suna kan ƙasa. A cikin gilashi ba na ganin komai sai tulin leshi a kan kujera. Saƙon Kaka yana bakina, ya yi nauyi kamar dutse. Na ɗauka haka nan, har sau uku, ko za a dace. Na san ba a dace ba. A na ƙarshe ma hannu ta sa ta kare.

“Ya isa,” ta ce. “Ku mai da ni inda kuka ɗauko ni.”

Na je zaure. Kawu ya dubi fuskata bai tambaye ni ba. Ya ce shi zai kwana gidan wani abokinsa, gobe da hantsi Ɗan Gamawa zai biyo mana.

“Hasken safe ya fi,” ya ce. “Ki nemi inda bayanta yake da duhu, fuska ta fi fitowa. Kuma ki daina bin ta. Ki zauna ta zo.”

Washegari

A ɗakin Inna Hajjo na kwana. Akwai jeren kwanoni har rufi da ƙamshin man shanu. Bayan asuba Gwaggo Rabi ta tafi kai niƙa, yara suka tafi makarantar allo, gidan ya yi tsit, sai kukan kurciya a kan bishiyar tsamiya.

Inna Hajjo ta ja jiki zuwa ƙofar ɗaki da tsohon zaninta da ɗan mayafi mai laushi. Na lura ba a tsakiyar tabarma take zama ba. Gefe guda take matsawa, ta bar rabi ba kowa, daidai bakin ƙofa inda duhun ɗaki yake. Tana tsince wake a faifai. Rana ta fara taɓa kumatunta.

Na zauna a ƙasa nesa kaɗan, kyamara a cinyata, ina kallon akuya a cikin gilashi. Ni shiru ba ya damuna.

“Me kike gani a ciki da kika ƙura masa ido haka?” ta ce can.

Na matsa na ɗora mata a cinya. Ta sunkuya. Ta daɗe.

“Ikon Allah. Tsakar gidana ce a cikin ɗan kwano. Ga tsamiya. Ga randa ta koma wancan gefe.” Ta sa yatsa a hankali kamar za ta taɓa ruwa. “Haka nake ganin gidan nan a mafarki, komai yana nan amma ba a wurinsa ba.”

Ta miƙo mini. Na koma inda nake.

“Ashe jiya da kanki yake ƙasa, kallona kike yi?”

“E, Inna.”

“Ni kuwa na ce yarinyar nan akwai kunya, ita kaɗai ce ba ta zuba mini ido ba.”

Na sunkuyar da kai cikin murfin, don a nan ne kawai nake iya kallon babba ido cikin ido. A cikin gilashi ta yi 'yar ƙarama, ba ta da ban tsoro. Da ita na yi magana, ba da ta waje ba.

“Kaka ta ba ni saƙo.”

“Faɗi.”

“Ta ce ba mayafinki take kewa ba.”

Hannunta ya tsaya a cikin wake. Na ce shi ke nan, na yi rashin kunya. Sai kafaɗunta suka fara girgiza.

“Dije ce ta faɗi haka? Marar ta-ido! Tun tana mitsitsiya bakinta ya fi ta girma.” Ta dafa rabin tabarmar da ba kowa. “Nan ne wurinta. In Innarmu ta bar mu tsaron shanya, sai na danne gefen zaninta da cinyata, in ba haka ba kafin in waiga ta kai bakin ruwa. Ta yi ta ja, tana cewa Adda sake ni, Adda sake ni.”

Tana dariya mayafin ya zame ya sauka kafaɗa. Ba ta mai da shi ba. Ga wushirya, ga zane uku-uku a gefen baki, ga idanu sun cika da ruwa.

“To ɗauki,” ta ce. “Amma kar ki ɗago. Bar kanki a ƙasa yadda yake.”

Na so in kawo ta tsakiya, hannuna ya sake yin kuskuren Gadau, ta tafi gefe, duhun ƙofa ya cika sauran wurin. Na ji tsoron dariyar za ta ƙare. Na danna.

Kafin in motsa ta miƙo hannu ta kama hannuna na dama ta riƙe a cikin nata. Yana da ɗumi da laushi kamar tsohon ƙyalle. Ta yi ta sa mini albarka, da Hausa, da Fulatanci, ta haɗa da Dije, ta haɗa da waɗanda suka rasu. Ba ta sake ni ba har Gwaggo Rabi ta dawo tana cewa mota tana bakin lungu. Aka cika mini hannu da tsaraba: busasshen kifi, man shanu a kwalba, ƙullin tsamiyar gidan. Na rufe murfi na fito.

Komawa

“An samu?” Kawu ya tambaya a mota.

Na gyaɗa kai. Ya yi hamdala.

Hanyar dawowa ban gan ta sosai ba. Barci yana ɗaukata yana saki. Na tuna fadama tana ƙyalli, na tuna dogon jami'in yana ɗaga mana hannu yana cewa a gaida tsohuwa, na tuna an miƙo mini dafaffiyar gyaɗa a Gadau. Tayarmu ta yi faci a kusa da gari, muka yi azahar a gindin wata kuka muna jiran a gyara. Sai la'asar muka shiga Azare.

Azare

Kaka ta sa an fito mata da tabarma bakin zaure tana jiranmu. Ta jingina da gefen ƙofa, bayanta duhu, rana ta faɗo a fuskarta, ta karkatar da kai tana sauraron takunmu. Ban taɓa ganinta da kyau haka ba. Na leƙa jar taga, na ga goma sha biyu. Duk tafiyar nan, in na ga lamba to ba a ɗauki hotonta ba tukuna. Na ce ashe saura ɗaya. Na buɗe murfi, na ɗana, na danna.

Na kai hannun dama zan murɗa, sai na ji ɗumin hannun Inna Hajjo a kansa.

Ban murɗa ba a Katagum. Kaka na ɗora a kan yayarta.

Na tsaya a tsakiyar titi, kifi da man shanu a ƙafata. Kawu ya gane tun kafin in gama faɗa. Ya cire hula ya mayar.

“Mai-sunan-Adda, ke ce? Kin kawo mini ita?” in ji Kaka.

Kawu ne ya ce, “Sai an wanke, Hajiya.”

Ɗakin duhu

Washegari da rana na tafi gidan Kawu. Ɗakin duhunsa tsohon sito ne, ya toshe taga da kwali, ya rataya bargo a ƙofa. A duhu dunɗum ya naɗe fim ɗin cikin wani gwangwani, ya zuba magani, ya yi ta juyawa. Da ya shanya shi a igiya na ƙi dubawa. Na zauna a tsakar gida ina ɓare wa matarsa tafarnuwa har ya bushe, wuta kuma ta dawo.

Ya kunna jar fitila. Ya haska na ƙarshen a kan babbar takarda, ya tsoma ta a faranti, ya ce in riƙa kaɗawa. Takarda fara, ruwa yana kai da komo a kanta. Sai wani toka-toka ya fara tasowa kamar hayaƙi daga ƙarƙashin ruwa. Wushirya ce ta fara fitowa. Sannan zanen baki, sannan idanu. Inna Hajjo tana dariya a gefe guda, ba abin da ya taɓa fuskarta.

A ɗaya gefen, inda duhun ƙofarta yake, wata fuska ta taso. Kaka ce, ta karkatar da kai wajen yayarta kamar tana sauraron abin da ya ba ta dariya. Katangar Katagum da ta Azare sun shiga juna. A tsakiya, inda jikinsu ya haɗu, ba a gane zanin wa ya hau na wa.

Kawu ya sunkuya ya duba. Sannan ya ce, “Kaɗa, kar ki tsaya, zai ƙone.”

Da la'asar muka kai wa Kaka. Aka fitar da ita tsakar gida inda rana take. Ta riƙe takardar da hannu biyu, ta kai ta kusa da hanci, ta kawar da kai gefe don ta gefen ido take gani yanzu. Ta bi ta a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Umma da Abba suna tsaye. Ni ina bayan randa.

“Adda,” ta ce a hankali. “Kin tsufa, Adda. Wushiryar dai tana nan.”

Yatsanta ya matsa ya tsaya.

“Wace ce wannan a wurina?”

“Ke ce, Kaka,” na ce. Muryata ta fito ba ta maƙale ba. “Kuskure na yi. Na manta ban murɗa ba.”

Ba ta ji ni ba, ko kuma ba ta damu ba. Ta gangara da yatsa zuwa ƙasan hoton, inda zannuwan suka cakuɗe, ta tsaya a nan tana shafawa. Sai ta fashe da dariya, irin wadda na ji a Katagum, hawaye yana bin zanen bakinta.

“Ku duba mini matar nan. Har yau ba ta sake mini zani ba.”

Kawu ya wanke na biyu, Ɗan Gamawa ya kai Katagum tare da na jami'an shinge da na mai ƙosai. Na Kaka yana jingine a kan jeren kwanoninta. Kullum da la'asar takan sa in fito mata da shi rana. Kwanakin nan sai ta daɗe tana nema kafin ta samu fuskar, wani lokaci ni nake ɗora mata yatsa a kan wushiryar, daga nan ta san hanya.

Mun je lafiya, mun dawo lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Na gode wa Kawu Bukar da ya ba ni amanar tsohuwarsa, da Malam Sale da ya tsaya mana a bakin fadama, da Gwaggo Rabi da miyar kifinta. Na gode wa Inna Hajjo da ta riƙe mini hannu.